Roja Bekon, Ɗan Zuhudun Ingila Da Ya Nemi Ilimi Domin Ekklesiya

Mun saba jin tarihin waliyyai da shahidai, waɗanda Ekklesiya ta keɓe musu ranakun tunawa. Mutumin da za mu duba rayuwarsa a wannan karo ba ya cikin jerinsu. Ba a taɓa naɗa shi waliyyi ba, kuma an san shi da kaifin harshe. Duk da haka ya cancanci mu san shi, domin ya ƙarar da dukiyarsa da ƙarfinsa a kan magana guda: cewa jahilci yana cutar da Ekklesiya, kuma bangaskiya ba ta da abin tsoro a cikin ilimi na gaskiya, ko daga hannun wa ya fito. Sunansa Roja Bekon, wanda Turawa ke rubutawa Roger Bacon, ɗan ɗariƙar Waliyyi Faransis na Asisi.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Roja Bekon a kusa da garin Ilcesta, a yankin Somaset na ƙasar Ingila, tsakanin shekarar 1214 da 1220. Gidansu gidan wadata ne, saboda haka ya sami damar zuwa Oksfod, inda a lokacin jami'a ke tasowa. Dukan karatu a wannan zamani da harshen Latin ake yin sa, littattafai kuwa da hannu ake kwafe su a kan fata, domin injin buga littafi bai zo Turai ba sai wajen 1450. Mai son mallakar littafi guda sai ya tanadi kuɗi mai yawa.

A shekarun 1240 ya riga ya zama malami a jami'ar Faris ta ƙasar Faransa, yana koyar da littattafan Aristotul, masanin falsafa na tsohuwar Girka. Wannan aiki ne mai bukatar ƙarfin hali, gama a 1210 da kuma 1215 hukumomi a Faris sun hana koyar da littattafan Aristotul da suka shafi halitta, don gudun kada su rikita bangaskiyar ɗalibai. Da yawa daga ilimin nan ya iso Turai ne ta hannun malaman Musulunci, irin su Ibn Sina da Ibn Rushd, waɗanda aka fassara ayyukansu daga Larabci zuwa Latin, musamman a birnin Toledo na Sifen. Bekon ya karanta su da natsuwa, yana ambaton sunayensu a fili, yana kuma girmama su.

Wajen 1247 ya bar kujerar koyarwa, ya juya ga binciken kansa. Daga baya ya shaida wa Paparoma cewa cikin shekara ashirin ya kashe fam dubu biyu a kan littattafai, da kayan awo, da gwaje-gwaje, da koyon harsuna. A kuɗin wancan lokaci wannan dukiya ce mai yawan gaske. Mutumin da ya fi burge shi a cikin malaman Ingila shi ne Robat Gurostes, wanda ya fara koyar da 'yan Faransiskan a Oksfod, ya kuma zama Bishop na Linkon daga 1235 zuwa 1253. Wannan bishop ya koyi Helenanci da girmansa, ya yi rubutu a kan haske da lissafi, kuma daga misalinsa Bekon ya ƙara tabbata cewa mutum yana iya zama mai ibada ya kuma zama mai binciken halitta.

Shigarsa ɗariƙa

Tsofaffin 'yan zuhudu sukan zauna a gidajen ibada nesa da gari, suna addu'a suna noma gonakin gidan. Waliyyi Faransis, wanda ya rasu a 1226, ya kawo wata hanya dabam. Mabiyansa sun kira kansu Ƙananan 'Yan'uwa, ba su mallakar kome, suna yawo cikin birane suna wa'azi, suna bara domin abin da za su ci. Tara daga cikinsu suka sauka Ingila a 1224, kafin shekara ta ƙare har sun kai Oksfod.

Wajen 1257 Bekon ya shiga wannan ɗariƙa, ya ɗauki alkawarin talauci da tsarki da biyayya. Wanda jiya yake sayen littafin da ya ga dama, yau ba shi da ko anini na kansa. Ban da wannan, a 1260 babban taron ɗariƙar da aka yi a garin Narbon, ƙarƙashin jagorancin Waliyyi Bonabentura, ya kafa doka cewa kada wani ɗan'uwa ya fitar da rubutunsa waje sai shugabanni sun duba sun yarda. Dokar tana da dalili, domin a 1254 wani ɗan ɗariƙar ya fitar da littafi mai ɗauke da koyarwar ɓata, abin ya jawo wa 'yan'uwa duka abin kunya. Amma ga mutum irin Bekon, wanda kansa ke cike da abubuwan da yake so ya faɗa, dokar ta yi nauyi ƙwarai. Ya yi kusan shekara goma a gidan ɗariƙa a Faris, ba ya koyarwa a jami'a, yana fama da rashin lafiya da ƙarancin kayan aiki. Ya koka a kan haka, amma bai tuɓe rigarsa ya fita ba.

Wasiƙar Paparoma

Ana cikin haka sai labarinsa ya kai kunnen wani Kadinal Bafaranshe, wanda ya nuna sha'awar ganin aikinsa. A watan Fabrairu na 1265 aka zaɓi wannan Kadinal ya zama Paparoma Kilement na Huɗu. Ranar 22 ga Yuni, 1266, Paparoma ya rubuto wa Bekon, ya umarce shi ya aiko da rubutunsa da sauri kuma a asirce, ko da akwai dokar ɗariƙa da ta hana.

Nan wahala ta taso. Paparoma yana tsammanin littafin yana nan a shirye, alhali kuwa yawancinsa yana cikin kan mai shi tukuna. Ba a aiko da kuɗin fata da tawada da ladan masu kwafi ba. Bekon ya nemi taimakon ɗan'uwansa na jini a Ingila, sai ya tarar yaƙin basasar da aka yi tsakanin Sarki Henri na Uku da manyan hakiman ƙasar ya talauta gidansu, domin sun goyi bayan sarki. Dole ya ci bashi a hannun abokai waɗanda su ma ba masu hali ba ne. Da wannan ƙunci, cikin abin da bai kai shekara biyu ba, ya rubuta littattafai uku: Opus Majus, wato Babban Aiki, da Opus Minus, Ƙaramin Aiki, da Opus Tertium, Aiki na Uku. Ya aika da Babban Aiki zuwa ga Paparoma ta hannun wani saurayi mai suna Yohanna, ɗan talakawa da ya ɗauka ya koya masa harsuna da lissafi. Nufinsa shi ne Paparoma ya gani da idonsa abin da koyarwa mai kyau ke iya yi da yaron da ba shi da gata.

Abin da Babban Aiki ya ƙunsa

Littafin kashi bakwai ne. A kashi na farko ya lissafa abubuwa huɗu da ke sa mutane ɓata daga gaskiya: bin maganar wanda bai cancanci a bi shi ba don kawai yana da suna, riƙe abu don an saba da shi, bin ra'ayin taron jama'a, da kuma ɓoye jahilci ta wurin nuna kamar an sani. Ya ɗauki na huɗun a matsayin mafi muni, domin shi ne ciwon malamai, kuma daga gare shi sauran ukun ke samun ƙarfi. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban jama'a yana koyarwa, firist ne ko katikis ko malamin makaranta, ya san yadda yake da wuya a ce wa mai tambaya a dakata sai an bincika.

A kashi na biyu ya nuna cewa dukan hikima daga Allah ɗaya take, saboda haka falsafa ta gaskiya baiwa ce mai yi wa tauhidi hidima. Kashi na uku ya shafi harsuna. Bekon ya ga cewa kwafe-kwafen Littafi Mai Tsarki na Latin da ake sayarwa a Faris sun cika da kurakuran masu kwafi, masu gyara kuma suna ƙara ɓata su domin ba su san Ibrananci da Helenanci ba, harsunan da aka fara rubuta Maganar Allah da su. Ya roƙi Paparoma ya sa a gyara nassin, a kuma koya wa firistoci waɗannan harsuna tare da Larabci. Shi da kansa ya rubuta littafin nahawun Helenanci domin masu koyo.

A kashi na huɗu, na lissafi, ya taɓo zancen kalanda. Tsohuwar kalandar Romawa ta ɗauki shekara kwana 365 da rubu'i, alhali shekarar rana ta gaza haka da kimanin minti 11. Bekon ya lissafta cewa wannan ɗan bambanci yana taruwa ya zama kwana guda cikin kimanin shekara 130. Tun da yake ranar Ista ta dogara ga lokacin da dare da rana ke daidaita da kuma cikar wata, kuskuren ya sa a wasu shekaru ana yin azumi da idin Tashin Ubangiji ba a kan lokacinsu ba. Ya faɗa wa Paparoma cewa masana taurari na Yahudawa da Musulmi suna ganin wannan kuskure, abin kunya ne kuma ga Ekklesiya. Ba a yi gyaran ba sai a 1582, lokacin da Paparoma Giregori na Goma Sha Uku ya cire kwana goma, aka kwana ranar 4 ga Oktoba aka tashi ranar 15. Wannan gyararriyar kalanda ce ke rataye a gidajenmu yau.

Kashi na biyar ya yi bayanin ido da haske. A nan babban malaminsa shi ne Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, mai littafin Kitab al-Manazir. Bekon ya bayyana yadda gilashi mai doro, idan an ɗora shi a kan rubutu, yake sa haruffa su yi girma, ya kuma lura cewa wannan zai amfani tsofaffi masu raunin gani. Kimanin shekara ashirin bayan haka aka fara ƙera tabarau a Italiya. Dattijon da ke sa tabarau ya karanta darasi a coci ranar Lahadi yana cin moriyar aikin da malamin Basra ya fara, 'yan zuhudu irin su Bekon suka ɗora a kai, maƙeran Italiya suka kammala.

Kashi na shida shi ne ya fi ba shi suna, domin a nan ya yi magana a kan sani ta hanyar gwaji. Ya kawo misalin mutumin da bai taɓa ganin wuta ba: ko an kawo masa hujjoji masu ƙarfi cewa wuta tana ƙuna, zuciyarsa ba za ta natsu ba sai ya ga ta ci wani abu. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa gani ya kori ji. Littattafan dā sun ce jinin bunsuru ne kaɗai ke fasa lu'ulu'u. Bekon ya nuna cewa masu sana'ar duwatsu masu daraja sun san ba haka ba ne. Ya auna bakan gizo, ya tarar tsayinsa a sama ba ya wuce digiri 42. Manomin Dandume da aka kawo wa sabon irin masara, ya shuka shi a 'yan kunyoyi kusa da tsohon iri, ya jira kaka ta raba gardama, yana bin hanyar da Bekon ya yi wa malaman Faris wa'azinta. Bekon ya kuma koyar cewa akwai wani gwaji na cikin zuciya, wato hasken da Allah ke bai wa mai tsabtar rai, kuma zunubi yana dushe hankali kamar yadda tsatsa ke dushe madubi. Saboda haka ya rufe littafin da kashi na bakwai, a kan halin kirki da bautar Allah, wanda ya ɗauka shi ne maƙasudin sauran duka.

Wa'azi da takobi

Zamanin Bekon zamanin yaƙe-yaƙen gicciye ne, waɗanda Larabawa ke kira na Salibiyya. A 1250 an kama Sarkin Faransa Luwis na Tara a Masar bayan rundunarsa ta sha kashi. Bekon ya rubuta wa Paparoma cewa yaƙi ba ya tubar da kowa: waɗanda aka kashe sun tafi ba su ji Bishara ba, waɗanda suka tsira kuwa, su da 'ya'yansu, sai ƙiyayyar bangaskiyar Kirista ta ƙaru a zukatansu. Ya zargi mayaƙan Jamus da ke yaƙi da arnan gabar tekun Baltik cewa su ne ke hana mutanen karɓar bangaskiya, domin abin da suke so shi ne su mallake su su bautar da su. Ya tuna wa masu karatunsa cewa da wa'azi manzanni suka shigo da bangaskiya duniya, mai wa'azi kuwa dole ya san harshen mutanen da yake yi wa magana. A wannan ya bi sawun uban ɗariƙarsa, gama a 1219 Waliyyi Faransis ya ƙetare fagen fama a Damiyetta ba makami, ya gana da Sarkin Masar al-Malik al-Kamil, aka karɓe shi da mutunci.

Gaskiya ta wajabta mu ƙara da cewa Bekon ɗan zamaninsa ne. Bai haramta yaƙi ɗungum ba, har ya ba da shawarar a yi amfani da ilimi a ƙera makaman kāre ƙasashen Kirista. Yana cikin Turawan farko da suka yi bayanin albarushi, wanda asalinsa daga Sin yake. Ya kuma gaskata cewa taurari suna da tasiri a kan jikin mutum da halinsa, fiye da yadda Ekklesiya za ta amince.

Ƙarshen rayuwarsa

Paparoma Kilement ya rasu ranar 29 ga Nuwamba, 1268, kujerar Bitrus kuma ta zauna ba kowa har kusan shekara uku. Da rasuwarsa begen Bekon ya rushe, harshensa kuma ya ƙara kaifi. A wani littafi da ya rubuta wajen 1272 ya caccaki fadar Roma, da firistoci, da masu fassara, da manyan malaman ɗariƙu. Cikin waɗanda ya rena har da Albat Mai Girma da Toma na Akwino, 'yan ɗariƙar Dominikan. Wasu daga cikin ƙorafe-ƙorafensa gaskiya ne, amma baki shi ke yanka wuya, kuma wanda ya zagi kowa ba ya samun mai tsaya masa. Wani tarihin ɗariƙar da aka rubuta kimanin shekara ɗari bayan haka ya ce shugaban ɗariƙa, Jerom na Askoli, ya hukunta koyarwarsa wajen 1278 saboda wasu sababbin ra'ayoyi da ake tuhuma, ya sa aka tsare shi. A 1292 ya rubuta littafinsa na ƙarshe, a kan karatun tauhidi, ya rasu ba da daɗewa ba, aka binne shi a Oksfod yana ɗan ɗariƙarsa.

Bayan mutuwarsa jama'a suka mai da shi boka a cikin tatsuniya, suna cewa ya ƙera kan tagulla mai magana. Masana kuwa suka laƙaba masa Doctor Mirabilis, wato Malami Mai Ban Al'ajabi. Ba a buga Babban Aiki ba sai a 1733 a Landan. Albat da ya rena, Ekklesiya ta naɗa shi waliyyi a 1931, ta kuma sa shi majiɓincin masu binciken halitta a 1941. Dukansu biyu sun ƙaunaci ilimi, amma Albat ya haɗa nasa da haƙuri da tawali'u.

Abin da ya shafe mu

Ɗariƙar Bekon ta taɓa taka ƙasarmu. A 1710 'yan Faransiskan biyu, Fada Karlo Mariya na Jenowa da Fada Seberino, suka taso daga Tarabulus, suka ratsa hamada ta Agadas, suka iso birnin Katsina a 1711, inda cuta ta kama su suka rasu. Bayan fiye da shekara ɗari biyu 'yan Dominikan daga Amurka, na lardin da ke ɗauke da sunan Waliyyi Albat, suka karɓi aikin yankin Sakkwato a 1953, suka koyi Hausa, suka yi hidima a Gusau da Funtuwa da Malumfashi. Daga wannan tushe Dayosis na Sakkwato ya tsaya a 1964, na Katsina kuma a 2023. Bishara ta zauna a nan ne ta bakin waɗanda suka yarda su zauna su koyi harshen mutane, kamar yadda Bekon ya roƙa tun a ƙarni na 13.

Mu da ke zaune ƙofa da ƙofa da 'yan'uwanmu Musulmi, muna cin kasuwa ɗaya, ruwan sama ɗaya ke jiƙa gonakinmu, muna da darasi a wurin wannan ɗan zuhudu da ya riƙe bangaskiyarsa gam, ya kuma koya daga Ibn Sina da Ibn al-Haisam ba tare da jin kunya ba. Iyaye kada su ji tsoron tura 'ya'yansu, maza da mata, su karanta lissafi da likitanci da aikin gona, gama halitta aikin hannun Allah ce. Idan an kawo mana jita-jita, ko a kasuwa ko a waya, musamman irin wadda ke iya haɗa maƙwabta faɗa, mu auna ta da abubuwa huɗun nan da ya lissafa kafin mu kai ta gaba. Masu ilimi a cikinmu kuma su tuna cewa kaifin harshe ya rage wa Bekon masu sauraro, har gyaran da ya nema ya jira wasu.

Allah ya ba mu zuciya mai son gaskiya, da harshe mai faɗinta cikin ƙauna, ta wurin Almasihu Ubangijinmu. Amin.